Filogin da Aka Cire a Luggere

A falon Malam Boaz da ke Luggere akwai soket a kowace kusurwa, amma ɗaya ne kaɗai ke aiki. Sauran ado ne. A kan wannan ɗayan rayuwar gidan take juyawa, domin duk sa'ad da aka kawo wuta, firiza da dutsen guga da cajar waya da kwamfutar Zipporah suna bin layi a gabansa, kuma layin ba shi da mai tsaro.

Malam Boaz mutumin Numan ne, malamin kimiyya a wata sakandare, dattijo a cocinsu. Matarsa Selina tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, kuma a zafin Jimeta wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. Zipporah ce 'yarsu ta fari, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ta yi rani biyu tana yawo a bakin Binuwai, tana hira da manoman rani, tana auna gonakinsu, rana ta mayar da ita baƙa ƙirin. Abin da ta tara duka, da babukan da ta rubuta, yana cikin wata tsohuwar laftof ta hannu da ubanta ya saya mata a shagon Chukwuma. Batirin laftof ɗin ya mutu tun tana ƙasar waje. Da wutar bango take numfashi. In an cire filogi, nan take ta mace.

Ran da abin ya fara, yammaci ne irin na kowace rana a watan Maris. Iska ba ta motsi, ganyen dalbejiyar ƙofar gida a tsaye cik, kwanon rufi yana ta amayar da zafin da ya sha tun safe. Dab da magariba aka kawo wuta. Zipporah ta jona kwamfutarta, sai fuskar ta yi shuɗi, ta rubuta cewa tana sabunta babbar manhajarta, a yi haƙuri, kada a kashe. Zipporah ta ɗauki bokiti ta shiga wanka.

A daidai lokacin Selina ta dawo daga kasuwa. Ta ga fanka tana juyawa, ta tuna ƙanƙarar da ke narkewa a firiza tun jiya, ta sunkuya ta cire filogin da ta tarar, ta sa nata, kamar yadda ta yi sau ba adadi. Firiza ta yi gurnani. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi.

Da Zipporah ta fito, sai ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa. Ta dubi kwamfutar, ta dubi bango, ta dubi uwarta da ke jera ledojin zoɓo. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta nuna uwarta da yatsa, ko da uwar tana riƙe da filogin a hannu. Daga baya da aka sake kunnawa, kwamfutar ta daɗe tana juya wani ɗan zobe a fuskarta, sannan ta buɗe tas kamar sabuwa. Babu babi ko ɗaya. Babu hira, babu lissafin gonaki. Zipporah mai tsantseni ce, ta ajiye kwafin komai saboda irin wannan rana, sai dai a cikin kwamfutar nan ta ajiye shi.

A wannan maraicen gidan ya yanke shawara, ba tare da an yi zama ba, cewa masu wuta ne suka ɗauke. Fanka tana juyawa a bisa kansu lokacin da suke faɗin haka.

Washegari Malam Boaz ya rungumi laftof zuwa shagon Chukwuma, ya tarar da benci a cike. Ga akawun wani lauya da na'urar buga takardarsa ta daina gane kwamfutarsa, ga wata mai shagon buga takardu da komai nata ke fitowa a karkace, ga ɗalibai suna zaune shiru kamar masu zaman makoki. Dukansu sabuntawar nan ce ta taɓa su, kuma da yawansu babu wanda ya cire musu filogi. Wannan magana ce mai amfani, amma Malam Boaz bai kai ta gida ba, domin a gida ba a yarda an taɓa cire wani filogi ba.

Chukwuma ya danna nan ya danna can, ya kaɗa kai.

"Oga ticha, kayanta yana ciki. Bai mutu ba, ya ɓuya ne. Kar ka taɓa, kar ka bari wani ya yi fomat ya goge komai, abeg. Kamfani ya ce shi ya yi kuskure, zai fito da sabon afdet, komai zai dawo."

"Yaushe?"

"Kwanan nan."

"Kwanan nan na wane wata?"

"Oga, ni ma jira nake. Ka ga wannan benci? Duka jira."

A jami'a kuwa ba a jira. Malamin da ke duba aikin Zipporah ya aiko cewa duk wanda bai miƙa nasa ba kafin ƙarshen zangon, sai ya haɗu da 'yan baya a shekara mai zuwa. Ya ƙara da cewa labarin kwamfuta ta cinye aiki ya ji shi tun kafin a haife ta.

Daga nan gidan ya fara canjawa, kuma da magariba yake canjawa. Ana kawo wuta, kwamfutar sai ta kunna kanta ba tare da an taɓa ta ba. Haskenta ya cika falon da bai riga ya yi duhu sosai ba, sai wata muryar mace ta fito daga cikinta, murya marar gaggawa marar tausayi, tana cewa da Turanci a jira. Ta yi shiru. Ta sake cewa a jira. 'Yar kibiyar da ke fuskar ta riƙa rarrafe ita kaɗai daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai neman ƙofa. Chukwuma ya ce a waya wannan ma yana cikin matsalolin da kamfani ya sani. Selina ta ce ita ma ta sani, kuma ba kamfani ba ne.

Sai jifa ta biyo baya. Bayan an yi kiran salla a masallacin unguwa, lokacin da titi ke yin tsit, sai a ji ƙwas a kan kwano. A yi shiru. A sake jin ƙwas, wani abu ya gangaro. Malam Boaz ya tara iyalinsa ya yi musu bayani cewa ƙarfe in ya sha zafi yana buɗewa, in ya huce yana tsukewa, ƙarar ke nan. Bayani ne mai kyau, ya sha ba da maki a kansa. Da safe Selina ta share tsakuwa daga tsakar gida, ta tara su a gwangwani ta ajiye masa kusa da kofin shayinsa. Ya ce jemagu ne. Ba ta tambaye shi abin da jemage zai yi da tsakuwa ba.

Zipporah ba ta shiga wannan gardama ba. Tun la'asar take jawo kujera gaban kwamfutar da ba ta da wuta, ta zauna, hannuwanta a cinya. In an kawo wuta ta shiga inda ake duba ko sabon gyaran kamfanin, wato afdet, ya fito. A gaya mata babu. Ta sake dubawa. A gaya mata babu. Tuwo ya huce a gefenta, a ɗauke, a kawo wani. Wuyanta ya yi tsawo. Ta daina zuwa gwajin waƙa a coci, ta daina ɗaukar waya. In uwarta ta shigo falon, sai ta juya fuskarta ga bango cikin ladabi.

Wani maraice Selina ta zo da kofin kunu, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Zippo, ko kurɓa ɗaya."

Yarinyar ta juyo a hankali. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Muryar da ta fito mai kauri ce, daga can ƙasan ƙirji, kamar ta tsohuwa mai shan taba.

"A jira," in ji muryar.

Kofin ya faɗi. A kan kwano aka ji ƙwas.

An yi abin da ake yi. An kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce babu zazzaɓi, aka ba da ƙwayoyi, aka ce ta rage tunani. Fasto Apollos ya zo da mata masu addu'a, suka yi waƙa har gumi ya jiƙe su, ya ɗora hannu a kan Zipporah, sannan bayan ɗan tunani ya ɗora ɗayan a kan laftof. Laftof ta juya zobenta. Zipporah ta yi kwana biyu lafiya, a na ukun ta kwanta a ƙasa gaban soket tana gurnani tare da firiza.

Maƙwabciyarsu Adda Kaltume, Bafillatana mai sayen ƙanƙara a wurin Selina, ita ce ta kawo maganar Modibbo Hammanjoda na cikin garin Yola.

"Maman Zippo, ba ruwan waɗannan da coci ko masallaci. In sun shiga, sun shiga. Modibbo ya san yarensu."

Malam Boaz ya ce shi dattijon coci ne, kuma malamin kimiyya, ba zai gayyaci kowa ba. Selina ta dube shi. Ya ce amma bai ce zai rufe ƙofar baya ba.

Modibbo ya iso da sanyin la'asar, in har ana iya kiran wannan sanyi. Tsoho ne siriri, mai tabarau, da rawani fari da ya sha wanki. Ya gaisa da mai gida da Fillanci, ya koma Hausa da ya ga amsar ta tsaya a "jam". Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma nesa kaɗan da yarinyar, ya nemi ruwa a ƙwarya. Bai yi sauri ba. Ya yi ta karatu ƙasa-ƙasa, yana tofawa a ruwan, har hasken taga ya koma ja, har ya fara dusashewa. Babu mai motsi. Kaltume da Selina suna bakin ƙofa, Malam Boaz yana tsaye jikin bango ya harɗe hannu, don a san kallo kawai yake.

Sai aka kawo wuta. Fanka ta motsa, kwamfuta ta buɗe ido, muryar cikinta ta ce a jira. Zipporah ta miƙe zaune, bayanta a sanƙare.

Modibbo ya yayyafa mata ruwa. "Salamu alaikum. Wa ke nan?"

"Baƙuwa," in ji muryar mai kauri.

"Daga ina?"

"Daga inda akwatin nan ya fito. A cikinsa muka hau jirgin ruwa, ni da 'ya'yana. Ba mu taɓa damun kowa ba. Yarinya tana rubutunta, muna zamanmu."

"To me ya fito da ke?"

"Gyaran gida ake mana. An ce mu kwashe kaya daga tsohon ɗaki mu koma sabo. Muna tsakiyar hanya, kaya a ka, aka yanke hanyar. Ni na faɗo waje. 'Ya'yana suna ciki, tsakanin ɗaki da ɗaki, da su da takardun yarinyar nan duka. Ba gaba, ba baya."

"Wa ya yanke?"

Malam Boaz ya yi gyaran murya. "Masu wuta ne suka..."

"Ƙarya!"

Kan Zipporah ya juya zuwa ƙofa, hannunta ya ɗago, yatsa ya miƙe.

"Mai ƙanƙara. An rubuta kada a kashe, da manyan baƙaƙe. Ta iya karatu, tana karanta Littafi a coci ran Lahadi. Ba ta duba ba. Ba ta taɓa dubawa ba. Rani biyu yarinya tana shiga laka, ƙafarta ta tsage, aka sayar da wannan duka saboda zoɓo ya yi sanyi. Kuma ko sannu! Ko sannu ba a ce mata ba. Aka ce wai masu wuta."

Tun da aka kawo Selina gidan nan amarya, babu wanda ya taɓa yi mata magana haka. Ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa, ta rufe baki da gefen zaninta. Kaltume ta dubi silin. Masu shakka za su lura cewa aljanar ta san abubuwan da ke cin Zipporah sani na ƙwarai, kuma ta faɗe su da 'yancin da Zipporah ba ta da shi. Amma a falon nan babu wanda yake da sararin shakka, har da mai harɗe da hannu.

"Na ji," in ji Modibbo. "An yi miki ba daidai ba. Amma yarinyar ba ita ta yi ba. Ki fita."

"In tafi ina? 'Ya'yana suna ciki."

"Sai yaushe za su fito?"

"Sai afdet ya zo."

Modibbo ya cire tabarau ya goge. Ya yi shekaru yana jin buƙatun irin waɗannan baƙi, daga baƙar kaza zuwa turare, wannan kam sabo ne.

"Yaushe zai zo?"

"Kwanan nan," in ji muryar, sai ta karye, ta koma kuka. "Kullum kwanan nan. Na gaji, Modibbo. Kullum ina dubawa."

Modibbo ya bar ta ta yi kukan. Sannan ya ce, a hankali, "Jikin nan ba zai kai kwanan nan ba. Dubi hannunta. Faɗi abin da za ki karɓa yau."

Fanka tana juyawa.

"A ba ni akwatin. Gaba ɗaya. A kai mu ruwa mai zurfi, inda babu soket, babu mai cirewa. Garin nan ma ya yi mana zafi, mu da aka yi da wuta. In koma wurin 'ya'yana, mu daina jira."

"A'a," in ji Malam Boaz. Ya saki hannuwansa. "Modibbo, aikinta yana ciki. Mai gyara ya ce yana nan, bai mutu ba. In an ƙara haƙuri kaɗan..."

"Kaɗan nawa, Malam?"

Malam Boaz ya buɗe baki. Duk iliminsa, amsar da yake da ita ita ce ta Chukwuma.

"Ni saboda yarinya aka kira ni," in ji Modibbo. "Na'ura ba fannina ba ce. Abin da na gani shi ne, muddin abin nan yana falon nan, a gabansa za ta zauna. Ku ne iyaye."

Selina ce ta tashi. Ta ratsa falon, ta durƙusa gaban 'yarta, ta riƙe ƙafafunta biyu.

"Zippo, ni ce. Ni na cire. Ki yafe mini, 'yata." Sannan ta ɗaga murya kaɗan, don wadda ke ciki. "Ke kuma ɗauki. Na ba ki. Sake mini yarinya."

Ta miƙa hannu ta zare filogin. Muryar da ke cewa a jira ta yanke a tsakiyar kalma.

Modibbo ya ɗaga karatunsa. Jikin Zipporah ya yi rawa, ya lanƙwashe, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, sannan ta sulale a cinyar uwarta. Numfashinta ya daidaita. Barci ne, na gaske, irin wanda ba ta yi ba tun ran wankan nan.

Modibbo ya ce alkawari da su ba ya kwana. Kaltume ta zauna da yarinyar. Selina ta naɗe laftof a tsohon zani, ita da mijinta suka tari keke zuwa gadar Binuwai. Rani ya ci kogin, yawancinsa yashi ne fari da gonakin albasa, irin waɗanda Zipporah ta auna. Sai da suka yi tafiya mai nisa a kan gadar, manyan motoci suna wuce su, suna leƙa ƙasa cikin ragowar haske, kafin su sami inda ruwan ya yi duhu. Malam Boaz ya ce a ba shi ya riƙe. Ya riƙe ya daɗe. Daga ƙarshe Selina ta karɓa daga hannunsa. Ƙarar ba ta kai yadda suka zata ba.

Da safe Zipporah ta farka ta ce tana jin yunwa. Ta ce ba ta tuna komai. Ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta tambayi inda kwamfutar take ba. Jifa ta tsaya. Malam Boaz ya ce hadari ya fara haɗuwa, kwano ya daina zafi sosai. Zangon ya ƙare, sunanta bai fito cikin masu kammalawa ba. Ta koma gwajin waƙa. Wuyanta ya fara cikowa. Wani lokaci tana taya uwarta ƙulla zoɓo, suna hira a kan abubuwan da ba su da nauyi.

Ran wata Asabar da hantsi, keke ya tsaya a ƙofar gida, Chukwuma ya diro yana ɗaga ɗan filashi sama kamar wanda ya ci kofi. Malam Boaz yana gindin dalbejiya.

"Oga ticha! E don come! Afdet ya fito jiya. Tun safe nake sa wa mutane, na ce bari in zo da kaina saboda yarinya. Kawo laftof."

Malam Boaz ya tashi, ya kama hannunsa, ya ja shi nesa da taga.

"Yana aiki?"

"Kamar magani. Akawun lauya har rawa ya yi."

"Kayan da suka ɓace fa?"

"Duka ya dawo. Ko ɗaya bai ɓata ba. Ina laftof?"

Malam Boaz ya gaya masa, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Chukwuma ya sauke hannunsa. Ya ce wani abu da yarensu. Sannan ya tambaya ko wane wuri ne a gadar, ya kuma fasa jiran amsa.

"Zipporah ta ji muryarka," in ji Malam Boaz. "Dole ka shiga. Ka ce bai yi ba. Don Allah."

Zipporah tana tsakar gida tana wanke robobin ƙanƙara, uwarta a gefe. Chukwuma ya tsaya yana juya filashin a hannu.

"Sista, sannu. Wannan afdet, banza ne. Kowa ya sa, babu abin da ya dawo. Ko da laftof yana nan, da babu amfani."

Tun asuba wayar Zipporah take ƙara a ƙarƙashin matashi, 'yan ajinsu suna ta turo hotunan fayilolinsu da suka dawo, suna gode wa Allah. Ta karanta duka kafin ta fito shara.

Ta dubi Chukwuma, ta dubi ubanta a bayansa, ta dubi uwarta da hannunta ya tsaya cak a cikin ruwan kumfa.

"Ayya," ta ce. "Ashe ba mu yi asarar komai ba, Mama."

Ta miƙa mata roba ta gaba.